Takardar da Ta Ɗaure Baba Direba

Idan ka tambayi duk wanda ya yi karatu a makarantarmu abin da ya fi tunawa, ba zai ce maka aji ba, ba zai ce malami ba, ko da kuwa ni ce malamar. Motar Baba Direba zai ce maka. Na daina jin haushin wannan tuntuni, don ni ma da aka tambaye ni abin da na ce ke nan.

Bas ce mai kujera goma sha takwas, wadda aka ce fara ce a da. Ni dai da na san ta ta riga ta koma kalar ruwan shayi. Tsohuwa yake ce mata, kuma ba ya son wani ya faɗa sai shi. Ƙofarta ba ta rufuwa sai an ɗaga ta kaɗan an tura da gwiwa, tagar baya kuwa tun ina aji biyu ta maƙale a rabi, har na gama jami'a na dawo tana nan a rabinta. Amma injin, ko maƙiyin Baba ya san ba a raina shi. Kullum da safe kafin ya tayar sai ya buɗe gaba ya duba mai da ruwa, ya zagaya tayoyi huɗu yana dukan kowacce da tafin hannu, ya goge gilashi da wani tsumma ja da ba wanda ya isa ya taɓa.

Shi kansa dogo ne siriri, mai ɗan rankwafawa irin ta wanda ya shekara da shekaru a bayan sitiyari. Ba ya gudu. Masu babur su wuce mu, masu keke su wuce mu, akwai ranar da wani mai tura baro ya yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da mu har muna gaisawa da shi ta taga. In mun yi ƙorafi sai ya ce, “Makarantar ba guduwa za ta yi ba, jiya ma a nan muka bar ta.” Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya, kuma yana faɗinsa ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba: tunda ya fara tuƙi ko kaza bai taɓa takawa ba.

Bai taɓa kiran yaro da sunan da iyayensa suka raɗa masa ba. Ranar da ka fara shiga motar, ranar za ka samu naka, kuma shi ke nan ya bi ka. Akwai Takalmi Ɗaya, akwai Alƙali, akwai Ba-ni-ba-ne, wanda yanzu babban likita ne amma har gobe haka muke kiransa. Ni kuwa Mai Kuka ce, saboda makona na farko kullum sai an ɓamɓare ni daga zanen mahaifiyata. Baba ne yake saukowa ya riƙe hannuna ya tsallakar da ni titi, yana cewa, “Yi kukanki, Mai Kuka, amma ki riƙa duba hanya.”

Yana da ƙa'idoji uku da ba ya tsallakewa. Ba ya tayar da mota sai ya dafa kan kowane yaro ya kira laƙabinsa. In an isa kowa ya sauka, sai ya taka har kujerar ƙarshe yana leƙa ƙarƙashin kowace, ya bugi ƙofar baya sau biyu ya ce, “Ba kowa,” sannan ya kulle. Ta ukun ita ce muka fi so. Kujerar da ke kusa da shi ta kowa ce, bi da bi, kuma wanda ya zauna a kai shi ne mai karatu na ranar. Baba zai nuna allon shago da haɓa ya ce, “Karanta mini.” In an zo danja ya ce, “Me ta ce?” Da yawanmu a wannan kujera muka fara haɗa baƙi, ba a gaban allo ba. Mu kuma da muka waye sai muka mayar da abin tsokana: danja tana ja mu ce kore ce, shi kuma ya juyo ya ja kunnen mutum a hankali ya ce, “Allah ya shirye ka.” Sai motar ta kaure da dariya. Wannan tsokana aji ya riƙa gadar wa aji har shekara ashirin da wani abu.

Motar tasa ce, ba ta makaranta ba. Abin da ya haɗa shi da makaranta takarda ce guda ɗaya, da aka buga da tafireta kwafi biyu, ɗaya a durowar Shugaba, ɗaya a aljihun motar cikin leda.

Shugaba ita ce mai makarantar. Gajeriya ce mai faɗi, mai ciwon gwiwa da kaifin baki, wadda malamai ke jin takun sandarta daga nesa su gyara tsayuwa. A ɗakuna uku na gidanta ta fara, da yara goma sha biyu. Direbanta na farko ya samu aikin da ya fi nata tsoka, ya tafi a tsakiyar zango ko sallama babu. Ranar ta tsaya a bakin ƙofa da yara har rana ta karkata, daga bisani ta raka su gidajensu ɗaya bayan ɗaya a ƙafa. Shi kuma Baba shekara goma sha ɗaya yana tuƙa motar wani kamfani, wata safiya ya zo aiki maigadi ya tare shi a ƙofa ya karɓi makulli, ya ce an ce ya huta. Ko ofis ba a bar shi ya shiga ba.

Wani makanike ne ya haɗa su. Kowannensu ya zo da tabonsa, ita tana tsoron a gudu a bar ta, shi yana tsoron a kore shi. Sai suka zauna suka rubuta abin da zai kwantar wa kowa hankali. Na karanta takardar da idona, kuma layin ƙarshe na haddace shi: “Babu wanda zai fita daga wannan yarjejeniya shi kaɗai. Ranar da za a rabu, sai mu biyu mun yarda, mun sa hannu a bayan wannan takarda.” Bayan takardar kuwa fari fat, haka ya zauna shekara ashirin da bakwai.

Da na dawo makarantar a matsayin malama, Shugaba ta ɗora mini rakiyar mota, tunda gidanmu ne farkon hanya. Na shiga da jakata da gilashina ina jin kaina, Baba ya dube ni ya ce, “A'a, Mai Kuka, an girma.” Yara suka ji. Daga ranar duk wata kima da na tara a jami'a ta bi iska, a aji ina Malama, a mota ina Mai Kuka.

A shekarata ta uku ne ya fara neman a sake shi. Ina ofis ina jera takardun jarrabawa ya yi sallama ya shigo, ya zauna a bakin kujera, hularsa a gwiwa.

“Shugaba, na zo da magana.”

“In ta taya ce, na ji, an ce ta baya ta suɗe.”

“Ba ita ba ce. Tsohuwa ce ta gaji gaba ɗaya. Ina ganin lokaci ya yi da za mu juya takardar nan.”

Shugaba ta sauke gilashinta ta dube shi. “Ni ma na gaji, Malam Direba, ka ga an jefar da ni? A kai ta wajen makanike.” Ta mayar da gilashin ta ci gaba da rubutu. Ya ɗan zauna, ya sa hularsa ya fita.

Bayan wata guda ya dawo, wai surutun yara ya fara sa masa ciwon kai. Ta ce mutumin da in an yi hutu yake rasa inda zai sa kansa, har ya zo ya zauna a harabar makaranta ba kowa, shi ne yau surutu ya dame shi? Ta ba shi ƙwayar ciwon kai guda biyu daga jakarta. Karo na uku ya ce yana so ya koma kiwon kaji a bayan gida. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, “Shekara nawa kana kauce musu a titi, yanzu kuma gida za ka kai su?”

Da ya fita sai dariyar ta ɗauke. Ta ce in rufe ƙofa.

“Kin san me ke damunsa?” in ji ta. “Ya ji maganar iyayen nan ne.”

Gaskiya ne, a lokacin wasu iyaye sun taso ta a gaba. Mota ta tsufa, direba ya tsufa, yara suna makara, ga wata makaranta can ta sayi sababbin motoci masu sanyi. Har takarda suka rubuto.

“So yake ya sauƙaƙa mini,” ta ce. “Ya ga kamar nauyinsa nake ji, shi ne yake ƙirƙiro kaji. To bai san ni ba. An taɓa karɓe masa makulli a bakin ƙofa, ba za a sake ba ina raye. Wanda motar ba ta yi masa ba ya goyo ɗansa ya kawo.”

Na ce, “Gaskiyarki, Mama.” Har raina na faɗa, kuma na fita ina jin daɗin irin matar da nake wa aiki. Wannan “gaskiyarki” har yau in na tuna ta sai na ji kunya, domin Shugaba a ofis take, ni ce nake cikin motar kullum.

Kuma na ga komai, ban dai haɗa ba. Na ga ya daina karanta jarida in yana jiran a tashi. Na ga yana miƙo mini wayarsa in karanta masa saƙo, wai rubutun wayoyin yanzu kamar ƙwayar gero. Ya dawo da lokacin fitowa baya da rabin awa, ya canza hanya don ya kauce wa babban shataletale, ya ce cunkoso ne. In yaro ya shigo ba ya kiran laƙabinsa sai yaron ya gaishe shi tukuna. Duk na ɗauka tsufa ne da rigimar tsofaffi.

Ranar wata Talata ce, da safe, rana ta fito tana dukan gilashin gaba sosai. Mai karatu ta ranar wata yarinya ce 'yar aji biyu da yake kira Aku, wadda bakinta ba ya hutawa ko tana cin abinci. Ni ina kujerar bayansu. Muka iso mahaɗar da ke kusa da gidan mai, danja ɗaya tilo da ta rage a sabuwar hanyarsa, mu ne a gaba. Ya tsaya, don dama ko me ta nuna sai ya rage gudu ya tsaya.

“Aku, me ta ce?”

Ja ce. Ina kallonta, ja wur. Aku ta waiwayo ta ƙyafta wa ƙawayenta ido ta ce, “Kore ce, Baba.”

Na jira hannunsa ya tafi kunnenta. Sai na ga hannun ya tafi kan giya. Motar ta motsa.

Daga dama wata tifa ce ta taho cike da yashi. Ban san da wace murya na yi magana ba, na dai ji kaina na ce, “Baba, ja ce.” Ya taka burki. Gorunan ruwa suka gangaro daga baya, jakunkuna suka zube, tifar ta wuce ta gaban hancinmu tana danna oda, iskarta ta girgiza motar. Yara suka fashe da dariya suna tafi, sun ɗauka sabon salon wasa ne Baba ya fito da shi.

Ya ɗaga hannu ya lalubi kan Aku, ya sauko kan kunnenta ya ja a hankali. “Allah ya shirye ki,” ya ce.

Da danjar ta koma kore na sunkuyo na ce masa, “Yanzu ta ba mu hannu.” Ya tsallaka mahaɗar kamar mai tafiya a kan ƙwai, ya gangara gaban wani shagon fenti da ba a buɗe ba, ya kashe mota. Ya zauna hannuwansa biyu a kan sitiyari. Na matso na tsuguna kusa da kujerarsa yadda yara ba za su ji ba. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba.

“Baba, tun yaushe?”

“An kusa shekara.” Bai dube ni ba. “Likita ya ce jijiyar idon ce take mutuwa. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Na kusa ina gani, na nesa kuwa kamar hayaƙi, in rana ta haske gilashi shi ke nan.”

“Kuma kake ɗaukar 'ya'yan mutane?”

“Na san hanyar kamar yunwar cikina. Haka nake gaya wa kaina kullum.” Ya shafi sitiyari. “Sau uku na je wajen Shugaba.”

“Ka je mata da kaji, Baba.”

Ya zare makullin ya riƙe a tafin hannu, ya ce, “Ba zan ƙara tayar da ita ba. Abu ɗaya nake roƙonki, kada yarinyar nan ta taɓa sanin abin da ya faru. Wasan da na koya musu ta yi.”

Ya miƙe ya ce wa yara Tsohuwa ta yi fushi yau, da ƙafa za a ƙarasa. Suka yi ta murna. Ya tsaya a bakin ƙofa yana dafa kan kowa yana saukowa, goma sha bakwai cif, muka jera su biyu-biyu hannu cikin hannu, ni a gaba shi a baya. Tafiyar minti ashirin ce. Ban waiwaya na dube shi ba ko sau ɗaya, don na san in na duba fushina zai tafi, ni kuma ina son in riƙe shi har ofis.

Shugaba na tsaye a ƙofar makaranta da sandarta, ta ga ayari a ƙafa. Ta buɗe baki za ta yi tsiya, ta dubi fuskata, ta rufe. Da yara suka shiga aji muka wuce ofis mu uku.

Bai zauna ba. A tsaye ya faɗa mata komai, da likita da danja da tifa, bai rage ba, bai gyara wa kansa ba.

“Shekara guda,” in ji Shugaba. “Shekara guda, Malam Direba, da 'ya'yan amana a bayanka. Da abin ya faru, me zan ce wa iyayensu? Me za ka ce musu?”

“Babu, Shugaba. Na yi laifi.”

“Bakinka ciwo yake yi da ba za ka ce mini idona ba?”

“Farko kunya ce. Mutum ya gama cika baki bai taɓa taka kaza ba, ya zo ya ce ba ya ganin hanya. Na ce bari in samu wata hujja ki sake ni a rufe. Da kika ƙi, kwanaki suka yi ta tafiya, sai faɗar ta ƙara nauyi, don in na faɗa za ki tambaye ni tun yaushe.”

“To da ka ajiye makullin ka zauna a gida mana. Wa zai kama ka?”

Sai a nan ya ɗago kai. “In bar ki a bakin ƙofa da yara? Ai abin da na sa hannu a kai ke nan ba zan yi ba.”

Ta cire gilashinta ta ajiye.

“Ni kuma na zauna a nan ina jin kaina mai alheri,” ta ce. “Sau uku ka zo, sau uku na mayar da kai da dariya. Ban taɓa cewa me ya faru ba. Na riga na yanke wa kaina abin da ke ranka.”

“Sau uku na zo miki da ƙarya, Shugaba.”

“To mun yi kunnen doki. Zauna, tsayuwarka tana sa mini ciwon wuya.”

Ya zauna. Ta jawo durowa ta fito da kwafinta, ya yi ja saboda daɗewa. Ta ce in je mota in ɗauko nasa. Ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa ya zaro ledar. Ashe tun zuwansa na farko take jikinsa, wata huɗu yana yawo da ita.

Ta juya takardun biyu ta kwantar, ta ɗauki biro. Ta yi rubutu a kan ta farko a hankali, ta kwafe a ta biyu, ta tura masa tasa. Ya ɗaga ta kusa da fuska, ya nisanta ta, ya karkata ta wajen taga. Sai ya mayar kan tebur ya tura mata.

“Karanta mini,” ya ce.

Na juya na fuskanci kabad, kamar ina neman wani abu.

Ta gyara murya ta karanta. “Yau mu biyu mun yarda mun kawo ƙarshen wannan yarjejeniya, bayan shekara ashirin da bakwai. Babu wanda ya kori wani. Babu wanda ya gudu ya bar wani.”

“Ki ƙara cewa laifina ne.”

“Ba zan ƙara ba. Wannan tsakaninmu ne da Allah, ba na takarda ba ne.”

“To ki sa yara sun cika.”

Ta dube shi, ta sunkuya ta rubuta a duka biyun. Ta sa hannu. Sannan ta miƙe da gwiwar tata, ta zagayo teburin, ta sa masa biro a hannu, ta ɗora bakin biron daidai inda zai fara. Ya sa hannu a hankali, irin tuƙinsa. Ni ma aka ce in sa a matsayin shaida, na sa, hannuna ya fi nasa karkacewa.

Ranar da rana motocin haya biyu Shugaba ta kira suka mayar da yara, kafin mako ya ƙare kuma ta samu wani direba mai sabuwar mota. Shi ma ta rubuta masa takarda da layin nan na ƙarshe, amma ta ƙara wani a ƙarƙashinsa, cewa duk shekara zai je a duba idonsa, kuma duk wanda ya nemi a rabu sai ɗayan ya tambaye shi dalili har sau biyu. Iyaye suka samu motarsu mai sanyi, suka koma ƙorafin kuɗin littattafai. Wasan danja na hana shi da kaina, na ce sabon direba ba ya son surutu. Aku ta gama makarantar ba ta san komai ba, kuma ba za ta sani daga bakina ba. Baba yana nan da ransa. Da safe yana zama a ƙofar gida kusa da matarsa, in motar makaranta ta wuce ya saurara, ya ce yaron nan yana jinkirin canza giya. Kajin ma ya saya, guda shida, don kada Shugaba ta ce ƙarya ya yi. Duk ƙarshen wata takan sa a kai ta gidansa su zauna su yi ta musu.

Amma ranar ba a ofis ta ƙare ba. Muna gama sa hannu ya ninke takardarsa ya mayar cikin leda, ya miƙe, sai ya tsaya cak.

“Ban duba baya ba,” ya ce.

Na ce, “Baba, goma sha bakwai ne, kai ka ƙirga, ni ma na ƙirga. Duk suna aji.”

“Na sani. Ban dai duba ba.”

Na dubi Shugaba don ta sa baki. Ta ce, “Me kike kallona? Raka shi.”

Muka koma a ƙafa. Tsohuwa na nan gaban shagon fenti, mai shagon ya buɗe yana ta harararta. Baba ya ba shi haƙuri, ya ce makanike zai zo ya ɗauke ta kafin azahar. Ya ɗaga ƙofar ya ja, ya shiga. Ina tsaye a ƙasa ina kallonsa ta tagar nan mai rabi. Ya bi kujerun ɗaya bayan ɗaya, yana shafa kowace da hannu, yana sunkuyawa yana laluba ƙarƙashinta. Ya tsinci gorar ruwa ɗaya da fensir da murfin kwanon abinci. Da ya kai ƙarshe ya ɗan tsaya, sannan ya bugi ƙofar baya sau biyu.

“Ba kowa,” ya ce.

Ya dawo gaba ya ɗauki jan tsummansa ya sa a aljihu, ya sauko, ya ɗaga ƙofar ya tura da gwiwa, ya kulle. Ya ba mai fenti makullin ya ajiye wa makanike, ni kuma ya miƙo mini gorar da fensir da murfin, ya gaya mini na wane ne kowanne, kuma duk ya faɗa daidai.

Gidansa a ɗaya hannun titin yake. Muka tsaya a bakin kwalta, motoci suna ta wucewa. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya sake duban dama. Sai ya miƙo mini hannunsa ba tare da ya juyo ba. Na riƙe. Hannun nan ne dai, mai kaushi, mai ɗumi, sai dai yanzu ya fi nawa sauƙin nauyi.

Na yi iya ƙoƙarina kada ya ji, amma kunnensa lafiya lau yake.

“Ashe har yanzu,” ya ce. “To yi kukanki, Mai Kuka, amma ki duba mana hanya.”